Ƙarshen Bazara a Gidan Tsofaffi a Ingila: Yadda Muke Tafiyar da Agusta

Ni ce ke tsara harkokin yini a wani gidan kula da tsofaffi da ke tsakiyar Ingila, mai gadaje kusan 40, wanda fiye da rabin mazaunansa ke fama da cutar mantuwa. Daga tsakiyar Agusta zuwa makon farko na Satumba jadawalina ya fi cika. Kayan lambu sun nuna, jikoki suna hutun makaranta, ga hutun Litinin ɗin ƙarshen Agusta da muke gashin nama, ga masu son a kai su bakin teku. Amma duk abin da na rubuta a jadawalin, tambaya biyu nake fara yi masa: ƙarfe nawa za a yi shi, kuma ruwa nawa zai shigar cikin mutum?

Abokan aikinmu sababbin zuwa daga Kano ko Sakkwato dariya suke yi idan aka ce digiri 28 zafi ne. Sai sun hau saman bene da ƙarfe biyar na yamma suke daina dariyar. Gidajen nan don riƙe ɗumi aka gina su: bango mai ninki biyu, gilashin taga mai ninki biyu, kafet ko'ina, kuma yawanci babu na'urar sanyaya ɗaki. Bututun ruwan zafi na bi ta tsakanin ɗakuna dare da rana. Tagogin kuma an sa musu makari, ba sa buɗuwa fiye da santimita 10, don kada wani ya faɗo. Shi ya sa ɗakin da ke kallon yamma kan zarce waje zafi da digiri uku ko huɗu, ya kuma kwana da shi. Jikin tsoho ba ya gumi kamar na yaro, ƙishirwa ma ba ta yi masa kira da wuri. A Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, akasarinsu tsofaffi. A nan Ingila, ranar 19 ga Yuli 2022 ma'auni ya kai digiri 40.3 a Coningsby. Shawarar hukumomin lafiya ita ce kowane gida irin namu ya tanadi wuri mai sanyi da ba zai wuce digiri 26 ba.

Namu wurin shi ne falon ƙasa da ke kallon arewa. Ma'aikatan dare ke fara aikin: da asuba su bubbuɗe tagogi iska ta ratsa, kafin ƙarfe goma a rufe na ɓangaren da rana ke bugu a sauke labule, sai yamma ta yi sanyi a sake buɗewa. Ana duba ma'aunin zafi na kowane bene sau huɗu a yini a rubuta. Fanka na taimakawa muddin zafin bai kai digiri 35 ba, amma ba a saita ta a fuskar mutum, tana busar da ido da baki. Ɗakin magani ma abin lura ne, domin yawancin magunguna ba sa son wuce digiri 25, na firji kuma tsakanin 2 da 8.

Sai rigar sanyi. Za ki tarar da tsohuwa cikin suwaita mai kauri a kan riga biyu, ɗaki na digiri 27, kuma ta rantse sanyi take ji. Gardama ba ta cire ta. Abin da ke aiki shi ne musaya: ki kawo mata wata mara nauyi ta auduga, ki ce za a kai waccan wanki. Tun da safe ma mukan kwashe masu kaurin daga saman durowa.

Ruwa shi ne babban aikin. Mizanin da muke bi lita 1.6 ga mace, lita 2 ga namiji a yini, shayi da madara da romo duk suna cikin lissafi. Kofinmu na cin mililita 200, amma da wuya a shanye shi tas, don haka abin da aka sha ake rubutawa, ba abin da aka zuba ba. Nan takardar lissafi ta fi yin ƙarya: a ajiye kofi a gefen gado, a rubuta 200, bayan awa biyu mai shara ta zubar da shi.

Mafi yawan masu ƙin sha ba taurin kai ba ne. Tsoron fitsari ne. Mutumin da sai ya jira mutum biyu sun zo sun ɗaga shi kafin ya je bayi, ya san lissafinsa: in bai sha ba, ba zai ji kunya ba. Don haka na juya tsarin. Kafin kowace harka ana zagayen bayi, sannan a zauna, sannan a kawo abin sha, a kuma faɗa wa mutum a fili cewa da zarar an tashi za a sake kai shi. Kofi mai launi mai haske ya fi gilashi, don mai raunin gani ko mai mantuwa ba ya ganin ruwa a cikin gilashi a kan farin tebur. Kuma in kika zauna kina shan naki, shi ma zai ɗaga nasa. Umarni daga tsaye ba ya haifar da komai.

Harkar da ta fi kowace shigar da ruwa ita ce ta ɗanɗano, da ƙarfe sha ɗaya na safe. Ƙananan kofuna huɗu ga kowa, kowanne mililita 60: ruwa da kokwamba da na'a-na'a, ruwan tuffa da aka sirka, shayi mai sanyi da lemun tsami, madara da ayaba. Kowa ya ɗanɗana ya zaɓi gwani, a yi ta musu. Kafin a ankara kofi guda da 'yan kai ya shige, wanda ya ci gasar kuma a ƙara. Da rana kankana, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, da ƙanƙarar tsotsa da muke daskararwa da kanmu.

Amma ban taɓa tura teburin abin sha ba sai da takardar nas a hannuna, domin abin da ke gyara wani shi ke kwantar da wani. Akwai masu matsalar haɗiya da ake kaurara wa ruwa da hoda har ya yi kamar kunu. Su ba a ba su askirim ko jeli ko ƙanƙara sai likitar haɗiya ta amince, don suna narkewa a baki su koma ruwa tsararo, mutum ya ƙware, ya gangara huhu. Kankana ma haka, ruwanta na tsinkewa. Masu ciwon zuciya wasu an iyakance musu abin sha, galibi lita 1.5. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ba a ba shi ruwan 'ya'yan itacen kiranberi. Lemun girefurut ba ya jituwa da wasu magungunan kitsen jini da na hawan jini. Mai ciwon ƙoda a kula da ayaba da tumatir. Zoɓo na karɓuwa a wurinsu sosai, launin ma kaɗai na jan su, sai dai yana iya sauke hawan jini, don haka shi ma sai nas ta duba sunaye.

Da ƙarfe biyu na rana muke duba lissafi. Duk wanda bai kai rabin nasa ba, a ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa har dare. Alamun da nake gaya wa sababbi su sa wa ido: fitsari ya yi duhu ya ragu, harshe ya bushe, barci ya yi yawa, jiri in an miƙe, da ruɗewar da ba a saba gani ba. Wannan ta ƙarshen ce ake yawan kuskurewa, a ce ai mantuwarsa ce ta motsa, alhali ƙarancin ruwa ne ko ciwon mafitsara. Mintsinin fata don a ga ko za ta koma ba ya nuna komai a jikin ɗan shekara 85. Masu shan maganin sa fitsari irin furosemide su ne a sahun gaba, kuma ba mu ke rage musu ba, likita ake kira.

Lambu daga tara da rabi zuwa sha ɗaya, kafin rana ta yi ƙarfi, domin daga sha ɗaya zuwa uku inuwa ake nema. Hula mai baki, man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, kada a manta bayan hannu da kunne da sanƙo. Akwatunan shukarmu sun kai santimita 70 daga ƙasa, mai keken guragu na kai hannu ba tare da sunkuyo ba. Aikin ƙarshen Agusta na gaske ne, kuma shi ya sa suke sonsa: tsinkar tumatir da koren wake, cire busassun furanni, tara iri a ambulan, yanke kan tumatir don waɗanda suka riga suka fito su samu su nuna kafin sanyi. Akwai wani dattijo da ba ya iya kamo sunan 'yarsa, amma in aka tura shi gaban tumatir, yatsunsa biyu na zuwa kai tsaye kan ɗan tohon da ke fitowa tsakanin kara da reshe, ya murƙushe shi, ya shinshina yatsun, ya nemi na gaba. Minti ashirin yana yi ba ya ɗaga kai, kuma a nan ne yake shan kofin da ya ƙi a falo.

Abubuwan da ke ɓata zaman lambu ƙanana ne. Tayar keke na nutsewa a ciyawa, mai sandar dogarawa na tuntuɓe a bakin daɓe. Ƙarfen keke in ya sha rana yana ƙona fatar da ta yi siriri. Tiyon da ya kwana da ruwa a rana sai an zubar da na cikinsa a ƙasa, nesa da mutane, domin ƙwayar cutar lejiyonela na yaɗuwa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta feshi take shiga huhu. Duk tsiron da ke da guba an tumɓuke shi, don mai mantuwa jan abu kawai yake gani ya kai baki. Sai rina. A ƙarshen Agusta ne suke rasa abin zaƙin da suke samu a sheƙarsu, su dawo kan kofunan mutane. Muna rufe kowane kofi da murfi, a ajiye kwanon jam a can ƙarshen lambu ya ɗauke musu hankali, kuma na san sunan duk wanda harbi ke tayar wa da jiki.

Gashin ranar hutu muna yin sa da tsakar rana a ƙarƙashin rumfa ta gefen arewa, awa ɗaya da rabi kacal. Da yamma ya fi sanyi, amma yamma ce lokacin da masu mantuwa ke rikicewa, ga hayaniyar baƙi. Murhu na can nesa, an kewaye shi. Dalilin da mutane ba su cika sani ba shi ne man shafawa: yawancin tsofaffin nan ana shafa musu man bushewar fata kullum, yana jiƙa tufafi, tufafin kuma na kama wuta nan take, wanki ma ba ya fitar da shi duka. Mai amfani da oksijin ba ya kusantar wurin ko kaɗan. Nama sai ma'auni ya nuna digiri 75 a tsakiyarsa. Abinci mai sanyi da aka fitar daga firji ba ya wuce awa huɗu, a rana irin wannan ni biyu nake ba shi. Tsiran alade ana ɓare fatarsa a tsaga shi a tsaye, yankan zobe ne ke toshe maƙogwaro. Musulmi da marasa cin nama nasu murhun da cokulan daban. Iyalai kuma sai an ja musu kunne cikin ladabi tun a ƙofa, don jika ce za ta ba kakarta askirim da kyakkyawar niyya.

Tafiya bakin teku kowa na sonta a baki. Ra'ayina, ga yawancin mazauna ba ta biyan wahalarta. Daga wajenmu zuwa garin Skegness na bakin teku kusan awa biyu ce, zaman awa huɗu ke nan a mota ga mutumin da fatar mazaunansa ke neman dalilin yin gyambo. Wurin sayar da furanni mai shagon shayi, ko wurin shaƙatawa mai tafki da ke minti 20 daga gida, ya fi. Ga 'yan kaɗan da suka isa zuwa teku, ba a fafe gora ranar tafiya. Mako guda kafin nan nake tabbatar da akwai banɗaki mai gadon canji da na'urar ɗaga mutum, irin waɗanda ake kira Changing Places, in kuma ɗauki mabuɗin Radar da ke buɗe banɗakunan masu naƙasa. Kowane keke ma'aikaci ɗaya. Ɗaure keke a bas ta kusurwa huɗu, da bel ɗin mutumin daban, na cin kamar minti biyar, don haka keke huɗu minti 20 ne kafin a tada mota, kuma a inuwa ake lodin. A ɗauki hoton kowa cikin kayan da ya sa ranar, ko da wani zai sulale. Washegari ba na sa komai a jadawali sai kiɗa da shayi, domin ranar gajiya ce ake faɗuwa.

Makon farko na Satumba makarantu na komawa, baƙi su ɗauke ƙafa lokaci guda, rana kuma ta fara faɗuwa kafin ƙarfe takwas. Mazauna na jin wannan ko da ba za su iya faɗa ba: ci na raguwa, masu zaman bakin ƙofa na ƙaruwa. Shi ya sa nake ajiye wasu ayyukan musamman don wannan makon, kamar ɓarar wake, feraye tuffa da jera ɗanyen tumatir a kwali tare da ayaba don ya nuna. Ana kunna fitilu a sauke labule kafin magariba, don inuwa da hoton mutum a gilashi na firgita mai mantuwa. A makon ne kuma muke auna nauyin kowa mu gwada da na Yuli, wanda ya rame a tura sunansa ga nas, sannan a fara kiran iyalai kan takardun amincewa da allurar mura ta kaka.