Ni ma haka na cika littafi da was da were

Daren jiya na tarar da ɗan ƙanwata yana kwafar jadawali daga waya: I was eating, you were eating, he was eating, har shafi uku. Na ce ya faɗa mini da Turanci abin da yake yi lokacin da na shigo. Ya yi jim, can ya ce, "I am writing when you came." Raina ya ɓaci, don ramin da na faɗa ke nan.

Ni ma na haddace cewa was na bin I, he, she da it, were na bin you, we da they, sai a liƙa wa aikatau -ing. A jarrabawar cike gurbi ba mai kama ƙafata. Amma ranar da na je ganawar neman aiki aka tambaye ni abin da nake yi bara war haka, sai am ta riga was fita daga bakina, har sau uku. Ina kallo fuskar mai tambayar ta canza. Ban samu aikin ba.

Ba laifina ba ne ni kaɗai. A Hausa "ina karatu" ba ta sauyawa, ko yau ko jiya. Ka ce "jiya ina karatu ya shigo", kalmar jiya ta ɗauke nauyin. Turanci kuwa sai aikatau da kansa ya nuna lokacin ya wuce, kuma ba malamin da ya taɓa nuna mana wannan bambancin. To amma ni ma ban tambaya ba, kunya ta rufe mini baki. Da na farga kuma sai na wuce gona da iri. "Ina so" ta koma I was wanting, har I was knowing him na taɓa rubutawa, alhali want da know ba su cika karɓar -ing ba.

Ku yara, ku ajiye jadawalin nan. Kowane dare ka faɗi da baki, ba a takarda ba, abin da kake cikin yi wani abu ya katse ka: I was sleeping when the phone rang. Aikin da ke gudana shi ke ɗaukar was, wanda ya faɗo tsakiya ya tsaya a siffar abin da ya wuce, kamar rang. In biyun tare suke tafiya, ka sa while: she was cooking while I was reading.

Na ce a bar hadda, amma dole ka haddace running da n biyu, making babu e. Wannan ba makawa.

Abin da ke ci mini rai, Turancin da muka rasa inda za mu ji yana hannunku dare da rana, amma ba ku saurara, sai kwafa. Na ce wa ɗan ƙanwata gobe da dare zan sake tambayarsa. Idonsa na kan waya ya ce, "To, Kawu."