Mastas ta ƙare, ga abin da na kwasa

To jama'a an yi difens, na miƙa makullin ɗakin kwamfuta, yanzu bakina ya buɗe.

Aikina dai kun sani, ƙananan manhajoji nake zubawa cikin wasa ɗaya kowacce burinta ta fi saura maki, in zauna ina kallo ko haɗin kai zai tsiro da kansa ba tare da na rubuta musu su yi ba. Sunansa wasan fursunoni biyu, ana maimaita shi zagaye-zagaye, kowane zagaye ku biyu kowa ya zaɓi riƙe amana ko cin amana: kuka riƙe amana kowa maki 3, ka ci amana shi ya riƙe kai 5 shi sifiri, kuka cuci juna kowa 1. Robert Axelrod na jami'ar Michigan ya shirya gasa a kai a 1980, masana suka aiko manhajoji 14, wadda ta cinye ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport, fara da mutunci daga nan duk abin da aka yi maka shi za ka mayar. Gasa ta biyu manhajoji 62, ita ta sake cinyewa.

Sufabaiza ɗina a nan karatunsa ya tsaya. Ni kuma na saka ɗan kuskure cikin simuleshin, wato gwajin wasan a kwamfuta, jefi-jefi manhaja ta yi niyyar riƙe amana sai saƙon ya isa a juye. Wallahi abin kallo ne, biyu masu dabarar Rapoport suna zaman lafiya, kuskure ɗaya tak sai ka ga maki a sikirin sun koma 5, 0, 5, 0, wannan ya rama wancan ya rama babu mai cewa ya isa. Masu ɗan yafiya su ke tsira, da masu bin "in ta yi kyau ci gaba, in ta ɓaci canza" wadda masana Nowak da Sigmund suka nuna ƙarfinta tun 1993. Na kai wa sufabaiza jadawalin sakamakon, ya leƙo ta saman tabarau ya ce "wannan ai datti ne, je ka cire kuskuren ka kawo min sakamako mai tsafta." Na ce ranka ya daɗe ai kuskuren shi ne binciken. Shikenan fayil ɗina ya koma matattarar kofin shayinsa, har yau akwai zoben shayi a bangon babi na uku.

Sai da mai jarrabawa na waje ya yaba wa daidai wannan babin sannan datti ya zama zinariya. Satin da sufabaiza ya sa min hannun ƙarshe na ga takarda ta fita da jadawalina, sunansa a sama da na wani abokinsa, ni kuma ina can ƙasa wajen godiya. Abin dariyar shi ne Axelrod ya hango wannan, gasar farko kowa ya san zagaye 200 ne, a ta biyu sai ya ɓoye lokacin tashi, don in mutum ya san ba za ku ƙara haɗuwa ba cin amanarka riba ce zalla. Malam ya san zagayena na ƙarshe, shi ya rubuta kwanan watan ma.

Kuma ba duk haɗin kan da ka gani a sikirin ne alheri ba. A wata irin wannan gasar a 2004 ƴan jami'ar Southampton sun shigar da manhajoji 60 masu gane juna ta wasu motsi na farko, da sun gane juna sai wasu su riƙa faɗuwa da gangan don wasu su tara maki, suka kwashe matsayi uku na sama. Ban ce komai ba game da yadda ake tafiyar da ɗalibai a wasu sassan.

Sauran a gurguje: maganar sunan wa zai hau takarda a yi ta a rubuce tun kafin a fara. Simuleshin mai tsawo ya riƙa ajiye kansa, NEPA ba ta san kana zagaye na dubu nawa ba. Kar ka yarda da sakamakon gwaji ɗaya ko da ya yi maka daɗi.

Kod ɗina yana GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, kowane gyara da kwanan watansa a jiki, mai son sanin wa ya rubuta me ya je ya duba.