Daga Winifeg zuwa Rijaina cikin guguwar dusar ƙanƙara

Kwana uku ke nan da dawowata daga Kanada, amma har yanzu idan na rufe ido farin nan nake gani. Sunan ɗan ƙanwata ya sa na kama hanyar Rijaina daga Winifeg, tafiyar kilomita 570 a kan babban titin da ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma, kuma na yi hayar jif mai jan taya huɗu. Ma'aikacin kamfanin hayar bai ko ɗago kai ya amsa gaisuwata ba, sai ya turo mini takardar inshora mai tsadar da, da na juya kuɗin zuwa naira, sai da na yi salati. Na nemi ragi kamar yadda ake yi a Kantin Kwari, ya ce farashi ɗaya ne.

Mun wuce garin Burandon lafiya. Can gaba kaɗan iska ta taso daga arewa, kuma da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu daji, sai ta kwashi dusar da ke gonaki ta watso kan kwalta har layin titi ya ɓace. Na san hazon hunturu a hanyar Kano zuwa Zariya, amma a can mutum yana hango fitilar motar da ke gabansa. A nan ko bakin motata ban iya gani sosai. Na taɓa tuƙa Hilux cikin rairayin Damagaram, shi ya sa na saki jiki da taya huɗun. Abin da na gane a ranar shi ne suna taimaka wa mota ta ja gaba, amma idan aka taka birki a kan ƙanƙara ba ta da bambanci da kowace mota. Ina tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba, na taɓa birki, sitiyari ya yi sakayau a hannuna, motar ta juya a hankali ta faɗa ramin gefen hanya.

Na kunna fitilun haɗari na zauna a ciki, domin ƙanwata ta gargaɗe ni cewa wanda ya fita da ƙafa cikin irin wannan yanayi yakan ɓace kusa da motarsa. Sau biyu na fito na tone bakin salansa da hannu don kada hayaƙi ya dawo ciki, yatsuna suka daskare har na kasa riƙe carbi.

Bayan kusan awa biyu wani dattijo manomi ya iso da tarakta, ya ɗaura igiya ya jawo ni, sannan ya ce an rufe titi, in bi shi gida. Matarsa ta tambaye ni abin da ba na ci, ta dafa ƙwai da dankali, ta shimfiɗa mini tawul mai tsabta in yi sallah. Da safe na miƙa masa kuɗi, ya ture hannuna ransa a ɓace, kamar yadda dattijon ƙauyenmu zai yi wa baƙon da ya nemi biyan kuɗin tuwo.

An buɗe hanya da hantsi, na bi bayan motar share ƙanƙara har iyakar Saskacewan, lardin da Rijaina take ciki. Na isa Rijaina da la'asar, an riga an raɗa suna.