Binciken Libiya da ya zo bayan an gama ɓarna

Jiya na sake duba rahoton da kwamitin harkokin waje na majalisar Ingila ya fitar a Satumbar 2016 kan yaƙin Libiya, wallahi raina ya ɓaci. Su da kansu suka ce gwamnatin David Cameron ta kasa gane cewa an zuzuta haɗarin da mutanen Bengazi ke ciki, an shiga da sunan kare farar hula aka ɓuge da kifar da Gaddafi, kuma ba wani tsari na abin da za ai bayan ya faɗi. To amma ai wannan majalisar ce a Maris 2011 ta amince da yaƙin, ƙuri'a 557, mutum 13 kacal suka ce a'a!

Cameron ko zuwa bai yi gaban kwamitin ba, kwana biyu kafin rahoton ya fito ya ajiye kujerarsa ta majalisa.

Mu kuwa mun gani da ido. Kawuna tela ne a Sabha da ke kudancin Libiya, a bayan babbar mota ya dawo ta Agadas, daga shi sai jaka ɗaya, keken ɗinkinsa ma can ya baro. Makaman da rahoton ya ce sun watsu a yankin nan kuwa, har yau ƙararsu muke ji.