Layin da Mazubi Ya Bari a Jikin 'Yar Tsanata

A shekarata ta biyu ina karatu a birnin Osaka na ƙasar Japan na sayi 'yar tsana mai gaɓoɓi ta farko, irin wadda masu tara ta suke taƙaita sunanta da BJD. Tsayinta ya ɗan haura santimita 40, da rezin, wata irin roba mai tauri, aka zuba ta, kowace gaɓa tata tana juyawa a kan dunƙule mai kama da ƙwallo, igiyar roba mai talewa kuma ta ratsa cikin jikinta tun daga ƙugiyar da ke cikin kai har zuwa idon sawu, ita ce take riƙe sassan wuri guda. Da gangan na zaɓi mai launin wankan tarwaɗa, na kuma yi haƙurin jiran wata huɗu, domin burina shi ne in ɗinka mata ƙananan kayan atamfa da leshi, in ga sun zauna a kan fata mai kama da tawa. Ranar da na buɗe akwatin na ɗaga ta zuwa hasken taga, sai na ga wani siririn layi ya sauko daga gefen wuyanta, ya bi kafaɗa da damtse, ya sake ɓullowa a gefen cinya har zuwa ƙwauri. Da na nuna wa yayata ita ta waya, ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ƙanwata, wannan ai irin layin da ke jikin butar roba ne. Duk kuɗin da kika zuba, ba su iya goge shi ba?" Na ce mata, "Yaya, ni ma abin da ke raina ke nan," kuma da wannan tunanin na kwana.

Yayata ta yi gaskiya game da asalin layin. Ana zuba kowane sashe na jikin 'yar tsanar ne a mazubin silikon, wato roba mai laushi, mai ɓari biyu: a haɗa ruwan rezin iri biyu, a dama da launi, a tsiyaya a ciki, a jira ya daskare. Komai matsewar ɓarin biyu, sai ruwan ya ɗan kutsa tsakaninsu, abin da ya kutsa ɗin kuma shi ne yake zama layin haɗi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zuba tukwanen dalma ya ga yadda suke bin gefen sabuwar tukunya da magagari ya riga ya san maganar. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne layin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ido ne kawai yake ganinsa, yatsa ba ya jin komai. Akwai mai tudu da kaifi wanda yake kama zare. Akwai kuma wanda ɓarin mazubin suka ɗan goce, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu kamar matakala, abin da ya fi faruwa idan silikon ɗin ya gaji da yawan zubi.

Da na fara zuwa inda masu tara irin waɗannan 'yan tsana suke haɗuwa, na yi mamakin yadda wannan ɗan layi ya raba kawunansu. Waɗanda suka daɗe a harkar ba su ɗauke shi aibi ba ko kaɗan, kuma dalilinsu yana cikin tarihi. Kamfanin Volks na birnin Kyoto, wanda ya fito da 'yan tsanar Super Dollfie a 1999 ya buɗe wannan kasuwa ta zamani, ya fito ne daga duniyar ƙananan siffofin rezin da ake sayar wa mutum a warwatse, shi ne zai kankare, ya goge, ya harhaɗa, ya shafa fenti. A wannan al'ada abin da ke cikin akwati rabin aiki ne, ragowar rabin na mai saye ne, a Japan kuma suna kiran gyaran jikin 'yar tsana da kalmar esute, wadda ake kiran gyaran jikin mata da ita. Wasu daga cikinsu sun wuce nan, suna son layin don kansa. Wata mata ta nuna mini tsohuwar 'yar tsanarta da ta shekara fiye da goma a hannunta ba ta taɓa kai mata samfefa ba, ta ce layin yana tuna mata cewa hannun mutum ne ya buɗe mazubi ya zaro wannan damtse. Yadda take magana ya tuna mini da tsagar gado a fuskar kakanninmu, wadda baƙo yake gani tabo, na gida kuma yake karanta asali a cikinta.

Waɗanda suka shigo daga baya, bayan kamfanonin Koriya ta Kudu irin su Luts da Fairyland da Iplehouse, da na Sin irin su Dollzone, sun faɗaɗa kasuwar, da yawansu suna kallon abin ta fuskar yayata. A wurinsu kaya mai wannan tsada ya kamata ya iso a kammale, musamman ga masu ɗaukar hoto, domin kyamara ba ta yafe layin da ya ratsa damtse a rigar da ba ta da hannu. Kamfanonin ma ba su bi hanya ɗaya ba: wasu suna gogewa kafin su aiko, wasu sai an ƙara kuɗi, wasu kuma suna rubuta gargaɗi cewa ba sa goge rezin mai duhun launi. Na karanta irin wannan gargaɗi a takardar da ta zo da tawa, na kuma ɗauka cewa kare kai ne kawai irin na 'yan kasuwa.

Wata Asabar na kwance igiyar, na jera sassan a kan tawul, na fara da ƙwaurin hagu saboda ina ganin zani zai rufe shi idan wani abu ya faru. Ta fuskar lafiya na yi abin da ya kamata: na sa takunkumi mai tace ƙura, na ajiye kwanon ruwa ina tsoma sashen a ciki, domin ƙurar rezin tana cutar da huhu kuma jiƙa ta ne yake hana ta tashi. Na kankare tudun da wuƙar tangaran, wadda take shafe saman rezin ba tare da ta nutse ciki kamar reza ba, sannan na bi da samfefa mai lamba 400, na koma 600, na koma 800, na ƙare da 1000. Muddin ƙwaurin yana jiƙe, babu abin da ya kai shi kyau. Layin ya ɓace, launin ya zauna sumul, har na miƙa hannu zan ɗauki na dama. Kafin in fara sai na hagun ya bushe, na ga wani fatsi-fatsin zane mai faɗin yatsa ya kwanta inda siririn layin yake a da, kamar tabon ƙuna a fatar baƙin mutum.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne wanda na yi bayan wannan. Maimakon in tsaya, sai na ce bari in faɗaɗa gugar don farin ya saje da kewayensa. Ina gogewa yana ƙara faɗi, ina jiƙawa yana ɓacewa, yana bushewa yana dawowa, har na wayi gari ƙwaurin ya rasa zagayensa ta gefe ɗaya ya zama shafaffe. Abin da samfefa ta ci ba ya dawowa, kuma ba kowa ne ya jawo mini ba, hannuna ne da gaggawata.

Na kai sashen wurin wata dattijuwa mai zana fuskokin 'yan tsana, ta juya shi a ƙarƙashin fitila ta yi mini bayanin da na so a ce na nema tun farko. Saman rezin da ya taɓa silikon yana fitowa da wata fata tasa mai santsi, samfefa kuma tana mayar da ita dubban ƙananan ƙarce waɗanda suke watsa haske, sai wurin ya yi fari-fari. A farin rezin ido ba ya kama bambancin sosai, amma a mai duhu kamar alli ne a kan allo, ruwa kuma yana cike ƙarcen na ɗan lokaci, shi ya sa yake ruɗin mai gogewa. Ta ƙara da cewa launin ciki ba lallai ne ya yi daidai da na waje ba, kuma tsohuwar 'yar tsana da ta yi rawaya saboda shekaru da hasken rana ita ma haka take, idan aka goge ta sai sabon launi ya leƙo daga ƙasa. Ta sa na bi sashen gaba ɗaya da soso mai laushin gaske don ƙarcen ya daidaita, muka fesa Mr. Super Clear marar sheƙi, wani feshi mai rufe saman rezin, ta shafa garin alli mai ruwan ƙasa da buroshi, muka sake fesawa. A cikin ɗaki yanzu sai wanda aka nuna wa ne zai gani. A rana kuwa yana nan.

Tun daga ranar na daina tambayar ko layin aibi ne ko ado, na koma tambayar wane irin layi ne kuma a kan wane irin rezin yake. Yanzu da yatsa nake yanke hukunci kafin ido: in ja farce a kai, in kuma ja ƙyallen leshi, idan ya kama zare sai in kankare kaifin kawai da wuƙar tangaran in tsaya nan, idan bai kama ba in bar shi. Kafin in taɓa ko'ina ina gwadawa a cikin murfin kai, inda gashi yake rufewa, in jira ya bushe sarai, in fita da shi rana. Ba na kusantar dunƙulen gaɓa da ramin da yake zama a ciki, domin ɗan abin da aka rage a nan yana iya sa gwiwa ta daina riƙe tsayuwa. Matakalar da gocewar mazubi ta haifar kuwa, idan ta yi yawa, a ganina wannan magana ce da ya kamata a yi da mai sayarwa tun ranar buɗe akwati, kafin samfefa ta shiga tsakani.

Ban zama cikin masu cewa kada a taɓa ba. 'Yar tsanata ta biyu fara ce, sabuwa, na goge layukanta duka a cikin makonni uku, sashe ɗaya a kowane zama, kuma na ji daɗin abin da ya fito, har na fahimci abin da tsofaffin hannu suke nufi da cewa wannan aikin ne yake mayar da ita taka. Sai dai na daina jin haushin masu barin nasu, na kuma gane dalilin da ya sa a kasuwar na hannu ake sa ran mai sayarwa ya faɗi ko an goge jiki ko ba a goge ba. Wani mai saye yana murna an rage masa aiki, wani kuma yana neman wadda ba a taɓa ba don bai yarda da hannun da bai gani ba, kuma bayan abin da na yi wa ƙwaurin nan ba zan ce bai da hujja ba.

Ta farkon tana nan tare da ni, ƙafarta ta dama da layinta kamar yadda ta fito daga mazubi, ta hagu kuma da aikin hannuna. A cikin akwatinta, kusa da takardar shaidar kamfani, na ajiye wata ƙaramar takarda da na rubuta sashen da na goge, da lambobin samfefar da na yi amfani da su, da abin da aka fesa aka shafa a kai, domin duk wanda ta koma hannunsa bayana ya san abin da ke ƙarƙashin garin allin kafin ya kai mata ruwan wanki.