Kalma ɗaya da na tsallake a kan suwic

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin saba, wato inda manyan kwamfutoci da na'urorin sadarwar ofis suke, bayan shekara shida. Yaron da zai gaje ni ya ce in rubuta masa abin da zai kiyaye, ni kuwa da na zauna rubutu, rana ɗaya ce ta tsaya mini a rai.

Da tsakar rana oga ya kira ni. Yana so a ƙara VLAN 30 na sabbin wayoyin tebur a reshenmu da ke wani gari, kafin a tashi aiki (VLAN rukuni ne na na'urori da aka ware a kan hanyar sadarwa, kowanne da lambarsa). Na ce ranka ya daɗe, a bari sai dare, lokacin da babu kowa a kan layi. Ya ce yanzu yake so. Na shiga suwic ɗin Cisco na reshen, na'urar da ake jona kwamfutocin ofis a jikinta, daga nesa ta SSH, na je tashar, wato kafar, da ta haɗa shi da rauta mai fitar da reshen zuwa waje, na buga switchport trunk allowed vlan 30. Ban sa add kafin lambar ba. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san abin da ya biyo baya: idan babu add, umarnin ba ƙari yake yi ba, share jerin yake yi gaba ɗaya ya bar wanda ka rubuta kaɗai. VLAN na ma'aikata ya tafi, na firinta ya tafi, har da wanda nake bi in shiga na'urar. Allo ya tsaya cak.

Abin takaicin, maganin ba shi da wuya. Ban adana canjin ba, saboda haka da an kashe suwic ɗin an kunna, zai koma kan tsohon tsarinsa. Amma yana cikin akwati a kulle, mai makullin kuma ya yi tafiya. Awa huɗu reshe guda yana zaune babu aiki. Da na buga reload in 10 tun farko, na'urar za ta sake tashi da kanta bayan minti goma, ta dawo yadda take. Idan kuwa aiki ya yi kyau, sai reload cancel, sannan a adana. Daga ranar ban sake taɓa na'urar da hannuna ba ya kai gare ta ba sai da wannan umarnin.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne taron washegari, inda oga ya dubi manya ya ce bai san wanda ya ba ni izinin yin canji a lokacin aiki ba. Aka ba ni takardar gargaɗi, shi ko ƙala ba a ce masa ba. Don haka duk wanda ya matsa maka da gaggawa, komai girmansa, ka ce ya turo a rubuce.

Sauran ba su da yawa. Kwamfutar da ta nuna adireshi mai farawa da 169.254 ba ta samu amsar DHCP mai raba adireshi ba, ka duba wayar haɗi da tasha kafin ka zargi saba. In ping (gwajin haɗi) zuwa 8.8.8.8 yana tafiya amma shafuka ba sa buɗewa, galibi DNS ne, mai juya sunan shafi zuwa adireshi. Wayar haɗi ta Cat6 kada ta wuce mita 100. Kada ka kashe Spanning Tree, tsarin da ke hana bayanai zagayawa ba iyaka, don wani ya ce yana jinkirta haɗi, domin waya ɗaya da aka soka baki biyu a suwic guda ta isa ta durƙusar da gini. Idan adireshi baƙo ya fara yawo, wani ne ya jona rautar gida a bango.

Tsarin kowace na'ura yana cikin fayil, da kwanan wata, kowace waya kuma da sunanta a baki biyu. Ba haka na tarar da ɗakin ba. Takardar gargaɗin tana nan a fayil ɗina na ma'aikata, na nemi a cire sau biyu, ba a cire ba.