Ka matse kuloci taya tana juyawa? Kada ka yi saurin kwance inji

Samari masu sabon shiga sana'ar okada a Agege da Mile 12, ga wani abu da ya ci mana kuɗi a banza. Ka ɗora mashin a kan sitan na tsakiya da sassafe, ka sa giya ɗaya, ka matse kuloci har ƙarshe, sai ka ga tayar baya tana juyawa a hankali. Nan take wani zai ce kuloci ya mutu, a tafi kasuwar Ladipo a sayo sabo. Yawanci lafiyarsa ƙalau.

Kulocin Bajaj Boxer da ire-irensa a cikin baƙin mai yake wanka. Faifai ne jere, na ƙarfe da na faiba, ɗaya bayan ɗaya, sifirin ya danne su. Idan ka matse hannu, ɗan buɗewa kawai suke yi, tazarar da ke tsakanin kowane biyu ba ta kai milimita 1 ba. Man da ke tsakaninsu kuwa yana da danƙo, shi ne ke jan faifan da ke kusa. Da safe man ya yi kauri, shi ya sa giyar farko take shiga da ƙara, ƙwas, mashin ya ɗan zabura.

Gwajin ba wuya. Bar injin ya yi minti 5 yana aiki, sannan, mashin na kan sitan, ka matse kuloci, ka sa giya ɗaya, ka taka birkin baya kaɗan. In tayar ta tsaya kuma injin bai canja murya ba, hau abinka. In kuwa injin ya nemi mutuwa, ko kana tsaye a gosulo mashin yana jan ka gaba, ko neman firi, wato fitar da mashin daga giya, ya zama kokawa, to akwai aiki.

Fara da wayar kuloci. Wasan hannun kuloci, wato motsin da yake yi kafin ya fara jan wayar, ya zama milimita 2 zuwa 3 a gindinsa. Ya wuce haka, faifan ba za su rabu sosai ba. Amma kada ka ɗaure wayar tamau don taya ta daina juyawa, nan ne yawancinmu muka ƙona faifai: kuloci ya riƙa sulɓi, totur na ihu, mashin ba ya gudu, musamman da fasinja da buhu a baya.

Sai mai. Wajen lita 1 irin waɗannan injuna suke sha, ƙari a kan alamar ma'aunin mai yana ƙara jan. Nemi galan mai rubutun JASO MA ko MA2. Man mota da aka zuba wa sinadarin rage gogayya sulɓi yake jawowa, komai arharsa ka bar shi. Da damina, in ka ratsa ambaliya, zaro ma'auni ka duba. Ka ga man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, yi juye a ranar.

In duk wannan bai yi ba, sannan a buɗe. Ɗora kowane faifan ƙarfe a kan gilashi, wanda ya yi rawa ko ya yi shuɗi ya lanƙwashe da zafi, a canja shi. Shafa yatsa a haƙoran gidan da faifan suke zama, in sun yi tsaga-tsaga, faifai maƙalewa suke yi. Sabbin faifan faiba kuma a jiƙa su cikin man injin na 'yan sa'o'i kafin a ɗaura, ko da bakanike yana cewa sauri yake yi.